Yadda nake zaɓar gidan abincin da zan kai Baba da Umma

Wata Asabar da daddare na ɗauki Baba da Umma na kai su wani gidan abinci a tsakiyar gari, irin wanda kowa ke yabo. Abincin ba shi da laifi ko kaɗan. Amma tun da muka zauna har muka tashi, Baba bai yi maganar kirki ba, murmushi kawai yake yi yana gyaɗa kai, shi da idan ya buɗe babin labarin zamanin aikinsa sai an roƙe shi ya ci abinci kada ya huce. Sai da muka shiga mota na ce, “Baba, ko abincin bai yi muku ba ne?” Ya ce, “Abinci ya yi. Ni dai bakinku kawai nake gani yana motsi.” Shekarunsa 78 a lokacin, da na'urar ji a kunnensa na hagu. Daga ranar na daina fara duba abin da wuri ke dafawa, na koma fara sauraren ɗakin da za a zauna a ciki.

Abin da ya sami Baba ba nasa ba ne shi kaɗai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a cikin mutanen da suka haura shekara 60, fiye da kashi 25 cikin 100 suna da raunin ji da ya kai ga takura musu rayuwa. Kuma tsufa yakan fara cin siraran sautuka ne, irin su “s” da “f” da “sh”, waɗanda su ne ke bambanta wata kalma da wata. Shi ya sa dattijo zai ji muryarka sarai amma kalmomin su cakuɗe masa, musamman muryar mata da ta yara. Na'urar ji tana taimakawa a ɗaki mai shiru, amma inda cokula ke bugun faranti ga kiɗa ga surutu, duk tare take ɗagawa ta zuba a kunne.

Don haka abu na farko da nake yi shi ne in je wurin ni kaɗai, a irin ranar da irin lokacin da nake son kawo su. Wurin da ya yi tsit ranar Talata da rana ba shi ne za ka tarar ranar Asabar da ƙarfe takwas na dare ba. Nakan sayi abin sha in zauna kamar minti goma sha biyar, in buɗe manhajar auna ƙara a wayata. Da desibel ake auna ƙarfin sauti. Hirar mutum biyu a natse ba ta wuce kimanin desibel 60, kuma duk ƙarin desibel 10 kunne na jinsa kamar an ninka ƙarar. Ni dai iyakata 70 ce, idan allon ya zauna sama da haka sai in shanye abin shana in kama gabana. Wanda ba shi da manhaja ya gwada da mai kawo abinci: idan yana tsaye nisan hannu ɗaya da kai amma sai ka ɗaga murya kafin ya ji, to wurin ba na tsofaffi ba ne.

Tun kafin a cika ma, ɗakin da kansa yakan nuna halinsa. Tayil a ƙasa, gilashi a bango, rufi mai tsawo da ba a lulluɓe ba, tebura tsirara, duk waɗannan dawo da sauti suke yi. Labule mai kauri da kafet da mayafin tebur da kujeru masu soso kuwa shanye shi suke yi. Akwai kuma wani abu da wani likitan kunne ɗan Faransa, Étienne Lombard, ya yi rubutu a kansa a 1911: mutum yakan ɗaga murya ba tare da ya sani ba idan ƙarar da ke kewaye da shi ta ƙaru. Teburin can ya ɗaga, na kusa da shi ya ɗaga don ya ji kansa, kafin ka ankara ɗakin gaba ɗaya ihu ake yi. Wannan ne ya sa nake ƙirga tazarar da ke tsakanin tebura, kuma a nan ne gidajen abincin unguwannin wajen gari suka fi. Kuɗin haya ya fi sauƙi a can, ba sa cusa tebura kamar ashana a kwali, farashinsu yakan sauko, ga filin ajiye mota a bakin ƙofa. Sai dai ba na wuce tafiyar minti ashirin daga gidansu, domin doguwar zama a mota kan riƙe wa Umma gwiwa tun kafin a isa.

Idan ɗakin ya yi, sai in zaɓi teburin da kaina. Na lungu nake so, nesa da ƙofar kicin, nesa da lasifika da talabijin, kuma ba a ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki ba, don sanyin da matashi ke jin daɗinsa shi ke hana dattijo sakewa. Baba yakan zauna bango na bayansa, ni kuma in zauna ta wajen kunnensa mai ƙarfi, inda haske ke faɗowa a fuskata. Mai raunin ji da ido yake ƙarasa abin da kunne ya rasa, yana bin leɓe da yanayin fuska. Ga shi idon ɗan shekara 60 kusan kashi ɗaya cikin uku na hasken da ke shiga idon ɗan shekara 20 yake samu. Wuraren nan masu fitilu dishi-dishi don ƙawa suna hana tsoho karanta takardar abinci, su kuma hana shi karanta bakin ɗansa.

Umma kunnenta garau yake, matsalarta ƙafa ce. Saboda ita nake tafiya daga inda zan ajiye mota har zuwa teburin ina kallon ƙasa: matakala nawa ne, akwai abin riƙewa, tayil ɗin yana da santsi, akwai wani ɗan tudu a bakin ƙofa da ba a gani da dare. Kujera kuma mai hannu nake nema, mai ƙwari, wadda tsayinta ya kai gwiwa. Lallausar kujerar da ake nutsewa a ciki tana da daɗin zama, tashi ne aiki, kuma Umma ba ta son a ɗaga ta a gaban mutane. Banɗaki ma sai na shiga na gani. Na taɓa samun wurin da komai ya yi, ashe banɗakinsa a bene yake, dole na haƙura da shi.

Batun kuɗi ya fi ƙarfin aljihuna kawai. Iyayena idan aka miƙa musu takardar abinci, layin farashi suke fara bi da ido. Da Umma ta ga lamba mai nauyi sai ta ce ita ba ta jin yunwa sosai, ta nuna mafi arha, ta ci rabi tana lissafin abin da aka kashe. Wuri mai tsada asara biyu ne a wurina, na biya da yawa kuma ba su sake ba. Don haka nake neman inda farashinsa ba zai sa ta zaro ido ba ko da ta gani. A zuwana na farko nakan ɗauki hoton takardar, in tambaya ko akwai haraji ko kuɗin hidima da ake ɗorawa a ƙarshe, in kuma duba kuɗin abin sha, domin a nan lissafi ya fi kumbura. Cin tsofaffi ba shi da yawa, sau da dama faranti biyu da ɗan ƙari sun ishe mu mu uku, abin da ya rage a ƙunsa mana. Kuɗin kuwa a wurin mai karɓa nake biya, in tashi kamar zan wanke hannu, don kada takardar ta iso tebur Baba ya fara laluben aljihu.

Kwana ɗaya kafin ranar nakan buga waya. In tabbatar da teburin lungun, in tambaya ko wasu sun kama wurin don taro ko za a nuna wasan ƙwallo a daren, in kuma ji ko za a iya rage gishiri da yaji a faranti ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babba ya kai giram 5 na gishiri a rana, abincin waje kuwa hannunsa a sake yake, ga Baba da hawan jini. Nakan tambayi abin da ke da laushi saboda haƙoransa. Yadda aka amsa mini a wayar ma ina lura da shi. Wanda ya saurare ni bai ƙosa ba, shi ne zai jira Umma ta gama zaɓa ba tare da ya tsaya mata a ka ba.

Lokaci kuma da wuri nake sawa, ƙarfe shida ko shida da rabi, kafin jama'a su taru kicin ya rikice. Umma tana shan maganin ciwon suga, jiran abinci na awa guda ba abin wasa ba ne gare ta, shi ya sa nakan ce a kawo wani ɗan abin taɓawa da zarar mun zauna. Cin da wuri yana kuma ba su awa biyu zuwa uku kafin kwanciya, ƙwannafi bai hana su barci ba. Google Maps yakan nuna sa'o'in da wuri ya fi cika, ina dubawa, amma na fi yarda da abin da kunnena ya jiyo.

Wurin da muka tsaya a kansa yanzu tebur tara ne a cikinsa, da labule kore da ya ɗan koɗe, kuma ba ni sha'awar canza shi, domin sun san hanyar banɗaki, masu wurin kuma sun san kujerar Umma. A zuwanmu na ƙarshe abincin Baba har ya huce, yana ba mu labarin ranar da ya fara karɓar albashi, Umma tana gyara masa shekarar. Da mai kawo abinci ya zo kwashe faranti, Baba ya ɗaga masa hannu ya ce ya dakata tukuna, bai gama ba.