Yadda ake ware furotin na mitokondiriya daga ƙwayoyin sankara domin nazari

Mitokondiriya wasu ƙananan jakunkuna ne masu bango biyu a cikin ƙwayar halitta, kuma su ne ke sarrafa abinci da oksijin su samar da sinadarin ATP wanda ƙwaya ke aiki da shi. Tun a shekarun 1920 masanin Jamus Otto Warburg ya lura cewa ƙwayoyin sankara suna zuƙar gulukos fiye da kima suna mayar da shi laktet ko da akwai wadataccen oksijin, har ya ɗauka mitokondiriyarsu ce ta lalace. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa a yawancin sankara suna nan suna aiki, sai dai cutar ta juya su ga biyan buƙatunta. Furotin ɗin da ke cikinsu sun haura 1,000, amma 13 kacal ne DNA ɗin mitokondiriya ke ba da umarnin ƙera su. Ga ɗalibin Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke son taɓa wannan fanni, ga hanyar da ake bi.

Da farko a tsayar da tambaya ɗaya kafin a buɗe kwalba ko guda. Misali mai kyau shi ne sitokurom c, furotin da ke zaune tsakanin bangayen biyu, wanda idan ya tsiyayo cikin ruwan ƙwaya yake kunna hanyar da ƙwaya ke kashe kanta. Furotin Bax yana huda bangon waje, Bcl-2 kuma yana hana shi, kuma sankara da yawa suna tara Bcl-2 domin su tsira. Maganin venetoclax da aka amince da shi a Amurka a 2016 Bcl-2 ɗin yake toshewa. Saboda haka mai gwada wani magani ko tsamen ganye yana iya tambaya ko gwajin nasa ya fitar da sitokurom c daga mazauninsa.

Sai samun ƙwayoyi. Akwai HeLa, waɗanda aka samo daga sankarar bakin mahaifa a 1951, da MCF-7 na sankarar mama, da HepG2 na hanta. Ana rainon su a zafin digiri 37 cikin iska mai kashi 5 cikin 100 na kabon dayokzaid, a girbe su kafin su cunkushe farantin. Idan kuwa tsokar da aka ciro daga majinyaci za a yi aiki da ita, dole ne a sami izinin kwamitin ɗa'a da yardar majinyacin a rubuce. A kowane hali a tanadi rukunin da ba a sa wa magani ba domin kwatantawa.

Mataki na uku shi ne wanda ya fi cin mutanenmu, wato sanyi. Da zarar an fasa ƙwaya, sinadaran da ke narkar da furotin suna kama aiki, kuma zafi ne ke ƙara musu kuzari. A Sakkwato, inda zafin Afrilu ke wuce digiri 40, bokitin ƙanƙara yana iya komawa ruwa kafin a gama juyi na farko a na'urar juyi, wadda ke wulwula bututu da gudu har abu mai nauyi ya kwanta a gindi. Na taɓa asarar ƙwayoyin da na yi makonni ina raino saboda wuta ta ɗauke ana tsakiyar juyi, kuma lokacin da na buɗe murfin na'urar na taɓa bututun sai na ji shi da ɗumi kamar kofin shayi da aka ajiye. Tun daga nan bayan sallar asuba nake fara wannan aiki, da ƙanƙara niƙaƙƙiya cikin kula biyu da janareta a shirye. A sanyaya na'urar juyi zuwa digiri 4 tun kafin a girbe ƙwayoyin, a binne bututai da ruwan aiki cikin ƙanƙara. Ruwan aikin yakan ƙunshi sukros milimola 250, da HEPES mai riƙe ma'aunin tsami na pH a 7.4, da ɗan EGTA mai kame sinadarin kalsiyam, sannan a zuba magungunan da ke hana narkewar furotin dab da farawa.

Daga nan a wanke ƙwayoyin da ruwan gishiri mai sanyi, a zuba su cikin turmin gilashi na Dounce, a riƙa danna taɓaryar a hankali ba tare da tayar da kumfa ba. Abin da ake so shi ne bangon ƙwaya ya fashe, mitokondiriya kuma su fito lafiya, domin idan aka cika daka sitokurom c zai zube, a ɗora wa magani aikin da hannu ya yi. Bayan kowane dannawa goma a ɗiga ɗan ruwan a duba a madubin likita, a tsaya idan yawancin ƙwayoyin sun fashe. A juya a ƙarfin g 600 zuwa 800, wato ninkin ƙarfin jan ƙasa sau 600 zuwa 800, na minti 10, cibiyoyin ƙwaya da tarkace su kwanta. A tsiyaye ruwan sama a sake juya shi a kusan g 10,000 na minti 15. Ɗan kwantaccen abu mai ruwan ƙasa-ƙasa da zai manne a gindin bututu, wanda wani lokaci bai kai ƙwayar gero biyu ba, shi ne rabon mitokondiriya. A wanke shi a sake juyawa, kuma kada a zubar da ruwan saman, domin a cikinsa za a nemi furotin ɗin da ya tsiyaye.

Bayan an narkar da kwantaccen, a auna yawan furotin da gwajin Bradford ko BCA, a ɗora adadi ɗaya a kowane ramin jel na SDS-PAGE, wanda ke rarraba furotin gwargwadon girmansu, a mayar da su kan takarda ta musamman mai riƙe furotin, a nemo furotin da antibodi, wato sinadarin da ke manne wa furotin ɗin da ake nema. A nan nake ganin mutane suna gaggawa, su ga baƙin layi ya fito su fara murna. Wajibi ne a fara tabbatar da tsabtar rabon. VDAC ko TOM20 da COX IV, waɗanda furotin ne na mitokondiriya, su bayyana da ƙarfi a rabon mitokondiriya, tubulin na ruwan ƙwaya da histon H3 na cibiya su yi ƙaranci sosai, kalneksin kuma zai nuna yawan ragar cikin ƙwaya da ta biyo, domin ita takan manne wa mitokondiriya.

A maimaita aikin aƙalla sau uku da ƙwayoyin da aka raina a ranaku daban-daban. Wanda ke son sanin dukkan furotin ɗin da ke ciki sai ya aika samfuri ɗakin gwajin da ke da na'urar auna nauyin sinadarai, ya gwada sakamakon da MitoCarta, kundin furotin na mitokondiriya. Kafin aikawa a raba samfurin cikin ƙananan bututai, a rubuta kwanan wata a jikin kowanne, a ajiye a digiri 80 ƙasa da sifiri, yadda ba za a narkar da bututu ɗaya sau biyu ba.