Yadda na gyara kwamfutata da ke daskarewa haka kawai

Tun da bazara ta kama a nan Tawa, kwamfutata ta tafi-da-gidanka (laptop) ta ɗauki wani hali: ana cikin aiki sai komai ya tsaya cak, linzami ba ya motsi, dole sai an danne maɓallin kunnawa ta mutu.

Na soma da abubuwa masu sauƙi. Na buga umarnin mdsched don Windows ta gwada RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta, ba ta ga aibu ba. CrystalDiskInfo, manhajar duba faifai, shi ma ya nuna faifan ajiya lafiya lau yake. HWMonitor, manhajar auna zafin kwamfuta, shi ne ya tona asiri: da na buɗe bidiyo, zafin firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, ya wuce digiri 90 a ma'aunin Celsius, alhali yawancin na Intel iyakarsu wajen 100 ce.

Sai na cire caji, na kwance murfin ƙasa, na raba batir da allon ciki kafin in taɓa wani abu. Tsakanin fanka da siraran ƙarafunan da ke fitar da zafi, ƙurar hunturu ta dunƙule kamar auduga, iska ba ta da hanya. Na share da burushi mai laushi, na hura, ina riƙe da fankar da yatsa, don in ta juya da ƙarfi tana iya lalacewa. Man da ke kan firosesa kuwa, wanda ke taimaka wa fitar da zafi, ya bushe ƙarau. Wannan kam mai gyara na kai wa, ya goge da alkol ya sa sabo ɗan kaɗan. A ganina, wanda hannunsa bai saba ba ya bar masa wannan aikin.

Yanzu kan tebur nake ɗora ta, bayanta a ɗan ɗage, ba kan katifa ba. Ko da tsakar rana ba ta ƙara tsayawa ba.