Kurakuran da aka fi yi wajen hujin kunne

A gidajen Hausawa na Makka da Jidda, da zarar an haifi 'ya mace, kafin ranar suna wata goggo ta riga ta sayo 'yan kunne. Gaggawar nan ce kuskuren farko. Likitoci da dama sun fi son a dakata har jaririya ta karɓi rigakafin wata 2, wanda ya haɗa da na titanus, domin zazzaɓi a jikin ɗanyen jariri maganar asibiti ce.

Sai kayan huji. Allura da zare irin na iyayenmu, a tsakiyar gida, allura ɗaya a huda yara uku da ita, hanya ce ta ɗaukar ciwon hanta. Wucewa da allurar ta kan wuta bai wadatar ba. A je mustausaf (ƙaramin asibiti) ko saidaliyya (kantin magani) inda ake yin aikin, a buɗe sabon kaya a gabanki. Bindigar huji kuwa ta fatar ƙasan kunne ce kawai. Saman kunne guringuntsi ne, allura ta dace da shi a hannun wanda ya san aikin.

Ɗan kunnen farko ma akwai magana. Masu sheƙin nan na riyal biyar galibi akwai ƙarfen nikel a cikinsu, shi ke kawo ƙaiƙayi da ruwa-ruwa, sai a ce wai kunnenta ba ya son huji. Ga gwal mai karat 18 da 21 cike da kasuwa, ko ƙarfen titaniyom. A zaɓi ƙarami mai ɗauri, kada a matse ɗaurin ya manne da fata, don idan kunne ya kumbura yakan haɗiye shi.

Amma ɓarnar da ta fi yawa bayan an dawo gida ake yin ta, kuma da kyakkyawar niyya. Wannan ta zo ta murza ɗan kunnen "don kada ya kama", waccan ta shafa man kaɗanya, wata ta ɗiga turare ko sifirit. Murzawa tana fama ciwon ne, ta yage sabuwar fatar da ke fitowa a cikin ramin. Mai yana toshe wurin ya tara ƙura, sifirit kuma yana ƙona shi. Abin da ake buƙata kaɗan ne: ki wanke hannu da sabulu, ki goge gaba da bayan kunnen da ruwan gishiri na saidaliyya, mai gishiri kashi 0.9 cikin ɗari, sau biyu a rana, ki busar da bandeji mai tsabta. Alwala ba ta hana komai, a shafa a hankali a tsane ruwan. Abin lura a zafin ƙasar nan shi ne gumi a ƙarƙashin ɗankwali da hijabi, da zaren mayafi da ke maƙale ɗan kunne a fizge shi ba a sani ba. Wanka a teku ko tafkin ninƙaya ma a haƙura tukuna.

Fatar ƙasan kunne tana ɗaukar mako 6 zuwa 8 kafin ta warke, guringuntsi kuwa watanni, wani har shekara. Cire ɗan kunne a mako na biyu don a sa na biki, ko soka tsinken tsintsiya a madadinsa, mayar da hannun agogo baya ne.

Idan a danginku akwai masu tabo mai tsiro, irin wanda ke girma ya wuce gurbin ciwo, a yi shawara da likita kafin huji, musamman na biyu da na uku da 'yan mata ke ƙarawa. Baƙar fata ta fi saurin yin sa, kuma ko an yanke yakan dawo.

Ɗan ja da ɓawo a kwanakin farko ba komai ba ne. Mugunya mai wari, kumburi mai ƙaruwa, zafi ko zazzaɓi, a ga likita a ranar, balle idan a saman kunne ne. Kada ki cire ɗan kunnen da kanki, ramin zai iya rufewa a kan mugunyar.