Kurakuran da sababbin mahaya Dutsen Katahdin ke ta maimaitawa

Duk shekara, da zarar ƙanƙara ta narke a gandun dajin Baxter da ke jihar Maine a arewa maso gabashin Amurka, sai ka ga baƙi sun nufo Dutsen Katahdin kamar masu zuwa shan iska, kuma kurakuransu iri ɗaya ne. Dutsen shi ne mafi tsawo a jihar, mita 1,606, kuma a kansa doguwar hanyar ƙafa ta Appalachian take ƙarewa. Percival Baxter, tsohon gwamnan jihar, shi ya riƙa sayen filayen da kuɗinsa yana miƙa wa jama'a daga 1931 zuwa 1962, bisa sharaɗin a bar wurin daji har abada. An kuwa bar shi: babu lantarki, babu famfo, babu kanti, babu kwalta, kuma a mafi yawan wurare waya ba ta kamawa.

Kuskure mafi muni shi ne fita a makare ba tare da an yanke lokacin juyowa ba. Hanyar Hunt, wadda ta tashi daga sansanin Katahdin Stream, kilomita 8.4 ce zuwa ƙololuwa. Mutum sai ya ga wannan adadi ya ce ai tafiyar awa biyu ce. Bai lissafa cewa a cikin wannan tazara zai hau sama da mita 1,200 ba, kuma akwai inda tafiya ke ƙarewa a koma rarrafe da hannu kan manyan duwatsu, har da kama ƙarafan da aka kafa a jikinsu. Zuwa da dawowa yana cin awa 8 zuwa 12. Saukowa kuma ba ta fi hawa sauri ba, domin gwiwa ta riga ta yi laushi, ga shi dole ka juya baya ka laluɓi wurin sa ƙafa. Yawancin targaɗe da karaya a lokacin sauka suke faruwa.

Ni dai al'adata ita ce ƙafata ta taka hanya kafin ƙarfe 6:30 na safe, kuma ƙarfe 1 na rana ina juyowa ko da ina hango allon da ke kan ƙololuwa. Wasu suna ganin tsaurin ya yi yawa, musamman a ƙarshen Yuni da rana ke kaiwa bayan ƙarfe 8 ba ta faɗi ba. To, a farkon Oktoba wajen ƙarfe 6 take faɗuwa, kuma a ƙarƙashin itatuwa duhu yana riga faɗuwar rana shigowa. A yanke lokacin tun a wurin ajiye mota, kowa ya ji da kunnensa. In aka bari sai an kai sama, mai ƙarfi a cikin tawaga zai ce saura kaɗan, mai rauni kuma kunya za ta hana shi musu, shi ne kuwa zai faɗi a hanyar dawowa. Wannan kunya tana jefa mutane cikin haɗari fiye da yadda ake zato. Wanda ke jagoranci shi ya kamata ya riƙa duban na baya, ya daidaita tafiyar da saurinsa.

Kuma kada a rabu. A watan Yuli na 1939 wani yaro ɗan shekara 12, Donn Fendler, ya rabu da 'yan tafiyarsa cikin hazo kusa da ƙololuwa, ya kwana tara a daji kafin ya ɓulla. Hazon nan bai canza ba. Idan ya rufe ka a saman dutsen, kada ka bar ɗaya daga cikin alamomin fentin da ke nuna hanya sai ka hango ta gaba: fari ne a hanyar Hunt, shuɗi a sauran hanyoyin.

Kuskure na biyu, wanda ya fi ba ni takaici domin maganinsa ba shi da tsada, shi ne tufafi. Mutum ya fito daga Millinocket, garin da ke kusa da gandun, rana na ƙwallewa, sai ya hau da wandon jins da rigar auduga, ba komai a jaka sai ruwa. Haba! Duk mita 1,000 da ka hau, zafi yana raguwa da kusan digiri 6, kuma da ka wuce iyakar itatuwa, wato tsawon da itatuwa ba sa tsirowa sama da shi, babu abin da zai kare ka daga iska. Auduga tana shan gumi ta riƙe, ta manne a jiki, iska ta bi ta kanta ta zuƙe ɗumin jikin. Ba sai da ƙanƙara sanyi ke kashe mutum ba. Jiƙaƙƙen jiki da iska da yunwa sun isa, ko a tsakiyar Agusta. Alamarsa rawar ɗari da ba ta tsayawa, sai yatsu su kasa zuge zip, harshe ya yi nauyi, mutum ya fara tuntuɓe yana cewa lafiyarsa ƙalau. Kada a saurare shi. A kai shi bayan dutse inda iska ba ta bugawa, a cire masa jiƙaƙƙen kaya, a sa masa busasshe, a ba shi abin zaƙi in yana iya haɗiya, a fara sauka.

Abin da nake sawa ba ya canzawa: riga ta ciki ta yadin roba ko ta ulu, rigar ɗumi a jaka cikin leda, rigar ruwa mai hula, hular sanyi, safar hannu, da safa ta biyu. Duka ba su kai nauyin kilo biyu ba. Wanda ya ce kayan sun yi masa nauyi bai shirya hawa ba, ya tsaya a tafkin Sandy Stream ya kalli dutsen daga ƙasa, babu abin kunya a ciki.

Wannan magana ta fi tsanani a kan Knife Edge, siririn doron da ya haɗa ƙololuwar Pamola da ta Baxter, wato babbar ƙololuwar dutsen. Tsawonsa kusan kilomita 1.8, a wasu wurare faɗinsa bai wuce mita ɗaya ba, rami dama da hagu, kuma babu hanyar kaucewa a tsakiya. In da iska mai ƙarfi, ko dutse ya jiƙe, ko ka ji rugugin hadari, kada ka shiga; in kana ƙololuwar Baxter, sauka ta hanyar Saddle zuwa tafkin Chimney. Masu neman yanke daga doron su gangara kai tsaye su tuna cewa a Oktoba 1963 wata mata ta yi haka ta maƙale, malamin daji Ralph Heath ya bi ta don ceto, guguwar ƙanƙara ta same su, duka biyun suka rasu. Gangancinka ba a kanka kaɗai yake ƙarewa ba.

Sauran kurakuran ba sa buƙatar dogon bayani. Wuraren ajiye mota uku da ake hawa daga cikinsu, Roaring Brook da Abol da Katahdin Stream, ƙanana ne, ana kama gurbi tun kafin ranar, kuma in ƙarfe 7 ta gota da 'yan mintuna ba ka iso ƙofar shiga gandun ta Togue Pond ba, an ba wani. Daga ƙofa zuwa can ma hanyar burji ce, gudu bai wuce mil 20 a awa ba. Fitilar waya ba tocila ba ce: dokar wurin ta wajabta tocila, ni kuma ta goshi nake so da batirin canji, domin hannu biyu ake sauka da su. Taswira ta takarda ce abin dogaro.

Ruwa lita uku nake ɗauka, kuma ruwan rafi, kome haskensa, sai an tace ko an tafasa minti ɗaya. Kada a dogara da maɓuɓɓugar Thoreau da ke sama, takan ƙafe. Abinci a riƙa ci kaɗan-kaɗan duk awa. Dabino da gyaɗa suna yi. Sabon takalmi ba a fara gwada shi a kan Katahdin.

Ba a shiga da kare ko wata dabbar gida. Ba a shigo da itacen wuta daga waje, saboda ƙwarin da ke kashe itatuwa a cikinsa suke tafiya. Yaron da bai kai shekara 6 ba ba ya wuce iyakar itatuwa. Babu kwandon shara, abin da ka shigo da shi kai za ka fitar, har ɓawon ayaba. Daga ƙarshen Mayu zuwa Yuni baƙaƙen ƙudaje masu cizo suna addabar mutane, sai da ragar fuska. A shimfiɗaɗɗen filin da ke sama kuma a taka dutse, kada a taka ciyawa: 'yan tsiron nan suna shekaru kafin su farfaɗo, kuma a kansu wani malam-buɗe-littafi da babu shi ko'ina a duniya sai nan yake rayuwa.

Akwai rajista a bakin kowace hanya. Ka rubuta suna da yawanku da hanyar da za ku bi, in kun sauko kuma ka koma ka rubuta lokacin fita. Masu mantawa da wannan na biyun suna sa malaman daji su kwana neman mutumin da yake barci a masauki.