Yadda za ki shirya yaronki kafin ya shiga aji ɗaya

Maman yara, in ɗanki zai fara firamare a Satumba don Allah kar ki bari sai ana gobe. Tun saura sati biyu ki gyara masa barci, ya kwanta bayan isha'i ya tashi da sassafe, don yaron da ya saba kaiwa ƙarfe 9 a kwance ranar farko kuka za ki sha wallahi.

Abin da ya fi damuna shi ne banɗaki. Ki koya masa cewa "Malama zan yi fitsari" da bakinsa, ya iya cire wandon yunifom da kansa ya riƙe buta ya wanke hannu, yara da yawa ba komai ke sa su jiƙa wando ba sai tsoron magana, ga aji cike malama ɗaya ba za ta lura da kowa ba.

Ya haddace sunansa da na babansa da unguwarku. Jaka da gorar ruwa ki rubuta musu suna.

ABCD kam kar ki takura masa, zai koya. Ranar farko ki raka shi har ƙofar aji, ki ce masa ana tashi za ki zo, kar ki sulale yana wasa, kuma ki zo ɗin a kan lokaci.