Kin dawo daga tafiya kin tarar gida ya zama kango? Ga ta inda ake farawa

Sati ɗaya muka ce za mu yi a Maraɗi, bikin ƙanwar maigida, sai ga shi mun share sati uku cur, kin dai san biki in ya haɗu da dangi, wannan ta ce sai kin kwana gidana waccan ta ce ai ba ki zo kin ga jaririna ba. Muka dawo Kano ƙarshen watan Maris, hazo bai gama tafiya ba zafin bazara kuma ya riga ya sauke kaya. Ina buɗe ƙofar falo na taka tayil na waiwaya, wallahi sawun ƙafata ne raɗau kamar wadda ta bi ta kan yashi. Ga wani wari daga kicin da ba sai an faɗa miki daga ina yake ba.

Toh abin da zuciya za ta fara ce miki shi ne ki ɗauko tsintsiya. Kar ki ɗauka. Ƙura ba inda za ta je, ko gobe tana nan tana jiranki. Akwai abubuwan da ba sa jira, su za ki fara gani.

Ki ajiye jakunkuna a bakin ƙofa, yara su tsaya a tsakar gida tukuna. Ki shiga ki bubbuɗe tagogi, kuma kafin hannunki ya taɓa makunnin fitila ki shinshina kicin. In kin ji warin gas kada ki kunna komai, ba ashana ba makunni, ki rufe kan silinda ki bar iska ta ratsa. In kina kokwanto ki kaɗa ruwan omo ki shafa a bakin tiyo da wajen regileta, inda yake yoyo za ki ga kumfa tana tasowa. Sannan takalman da kuka bari a bayan ƙofa a karkaɗe su ɗaya bayan ɗaya kafin wani ya zura ƙafa, lokacin zafi lokacin kunama ne, kuma gidan da ya yi shiru sati uku ai ta ɗauka an bar mata.

Daga nan ni waje nake fita wajen shuke-shuke, ko mayafi ban cire ba. Ɗan lambuna ba wani babba ba ne, bayan ɗaki ne, zogale biyu, lemun tsami ɗaya, sai buhunan siminti da tsofaffin bokitai da na zuba ƙasa na sa alayyahu, yakuwa, attarugu da na'a-na'a. Na bar wa wani yaro a unguwa amanar ban ruwa har da ɗan abin sayen kati, da alama kwana uku ya yi ya gaji, Allah ya shirya. Alayyahu ya zama tsinke, attarugu ya zubar da ganye, na'a-na'a kam kamar an sa mata wuta.

Kuskuren da yawancinmu muke yi, tausayi ya kama mu mu ɗauko bokiti mu kwara gaba ɗaya. Ƙasar da ta bushe ta ƙame ba ta shan ruwa haka, musamman ta cikin buhu ko bokiti, tana janyewa daga gefe ne sai ruwan ya bi ta wannan tsagar ya zarce ƙasa, ke kina murna kin ba da ruwa alhali saiwa ko ɗigo ba ta gani ba. Ki samu ɗan itace ko tsohon cokali ki sassoke saman ƙasar a hankali kar ki tsinke saiwa, ki zuba moɗa ɗaya, ki wuce na gaba, in kin zagayo bayan minti goma ki ƙara. Sau uku haka. Ki tura yatsa ki ji ko damshin ya sauka. Kuma da yamma ake yi in rana ta yi sanyi, ko da sassafe bayan asuba, ban ruwan tsakar rana a watan da zafi yake kai digiri 40 wani kaso nasa iska ce take sha. Waɗanda ke cikin bokiti ki ja su inuwa na kwana biyu uku su farfaɗo.

Kada ki yi saurin tuge abin da kika ga ya bushe. Ki kankare ɓawon reshen da farce, in kin ga kore a ciki da ransa, in kin ga fari fat ko ruwan ƙasa kuma ya karye ƙas, ki sauka ƙasa kaɗan ki sake gwadawa, inda kika fara samun kore nan za ki yanke. Na'a-na'a ki aske ta har ƙasa ki ci gaba da ba ta ruwa, sau da yawa saiwarta tana nan za ta tofo. Zogale kuwa ɗan halak ne, shi bai ma san kin yi tafiya ba, in ya yi tsawo ya zama sanda ki sare shi daidai ƙugu ko ƙirji, zai fito da rassa da yawa kuma ganyen ya dawo inda hannu yake kaiwa. Alayyahun da ya riga ya yi kai ya bushe ba shi da sauran amfanin miya, amma ki murje kan a faranti ki busa, baƙin irin nan ƙanana ki ƙulle a takarda, kin huta sayen iri.

Taki kuma a dakata. Shukar da ta galabaita ba a ɗura mata taki, kamar mai azumi ne ki tare shi da tuwon dawa kafin ya sha ruwa. Sai ta yi sati ta fara fitar da sabon ganye sannan ki sa mata kashin awaki wanda ya daɗe ya ruɓe. Ɗanyen kashin kaji ƙona shuka yake yi, na gwada na gani a kan attarugu. Ki rufe saman ƙasar da busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa don damshi ya daɗe, sai dai kar ki manna shi jikin kara saboda gara, ki ɗan barbaɗa toka a kewaye. In kin ɗaga ganye kin ga fararen ƙwari a ƙasansa, ki daka ganyen darbejiya ki jiƙa ya kwana, ki tace ki ɗiga ɗan ruwan sabulu ki fesa da yamma.

Toh mu koma ga warin nan na kicin. Firij ne. Sati uku ba wanda zai rantse miki wuta ta tsaya, kuma ko kin tarar da firiza da ƙanƙara hakan ba ya nufin naman bai narke ba ya sake daskarewa. Ki duba ƙasan firizar, in kin ga jini ya gangaro ya daskare ko ledoji sun manne da juna sun canza siffa, ya narke. Na san zubar da nama a wannan tsadar akwai ciwo, amma kuɗin asibiti ya fi kilo biyu na nama, ki zubar kawai. Ki cire soket, ki fitar da komai, ki wanke da ruwan ɗumi da sabulu, ki bar ƙofar a buɗe ta sha iska, sannan ki sa gawayi a kwano ki ajiye ciki ya kwana biyu, yana janye wari sosai. Dabarar da na koya daga baya, kafin tafiya ki daskarar da ruwa a kofi ki ɗora tsakuwa a kai, in kin dawo kin ganta a gindin kofi kin san labari.

Sito shi ne inda nake so ki fi nutsuwa. In kin ga kashin ɓera kada ki share shi a bushe ƙurar ta tashi ki shaƙa. Zazzaɓin Lassa ta fitsari da kashin ɓera ake ɗaukarsa, a garin Lassa na jihar Borno aka fara gano shi a 1969, kuma da rani ya fi yawa. Ki haɗa ruwan bilic irin su Hypo ko Jik, murfi ɗaya da ruwa murfi goma, ki jiƙa wajen ki bar shi kamar minti biyar, ki sa safar hannu ko ki zura hannu a leda ki kwashe da tsumman da za ki yar. Duk abincin da aka bari a buɗe ɓera ya yi wasa a ciki, garin kwaki ne ko garin tuwo, ya tafi. Wake in ya fara ƙwari ki shanya a rana ki bushe shi sosai, ki zuba a busasshiyar jarka ki cika ta ki toshe bakin tam. Kuma don Allah, bilic ba a haɗa shi da maganin wanke masai mai asid, hayaƙin da suke fitarwa guba ne, ki yi amfani da ɗaya ki ɗauraye kafin ɗayan. Fiya-fiya ma a bar ta, ba abin fesawa a ɗakin kwana ba ce.

Banɗaki in yana wari ba lallai datti ba ne, ruwan da yake tsayawa a wuyan masai da magudana ne ya ƙafe wari yake dawowa, ki kwara bokiti ɗaya ɗaya shikenan. Famfo ki bar shi ya zuba na ɗan lokaci kafin ki tara. Randa da duro a zubar da tsohon ruwa a wanke, duk wani gwangwani ko tsohuwar taya mai ruwa a kife, sauro sati ɗaya zuwa kwana goma ya ishe shi daga ƙwai ya zama mai cizo.

Duk wannan ranar farko ce, ki share inda za ku kwanta kawai ki canza zanin gado ku yi barci. Washegari ake yaƙin ƙura, kuma daga sama ake farowa. Ki ɗaura ɗankwali ki sa takunkumi, mai asma ya fita gidan maƙwabta. Yanar gizo a silin, sannan fanka, sannan saman wardirob da labule, ƙasa ita ce ƙarshe. Fankar nan ki goge fukafukanta da jiƙaƙƙen tsumma kafin ki kunna, ni na manta, na gama mofin falo tsaf zafi ya dame ni na danna, sai ga ƙura tana sauka kamar ana tankaɗe, haka na sake daga farko ina ta masifa ni kaɗai. Busasshen tsumma tayar da ƙura kawai yake yi ta koma wani wuri, ki jiƙa ki matse. Siminti da tsakar gida a yayyafa ruwa kafin shara. Katifa, filo, kafet da dardumai duk a fitar rana a bubbuge. Turaren wuta sai an gama komai, in kika sa shi a kan wari haɗuwa suke yi su ba da wani abu daban.

Rana ta uku ki sa maigida ko samarin gida su hau su duba indararo da kwata, a kwashe ganye da ledojin da iska ta tara, don nan Kano daga watan Mayu ake fara ganin hadari, kuma ruwan farko da iska yake zuwa. Ganyen da aka kwaso kar a ƙona, ki tara shi a rami a lungu kina watsa masa ruwan ɗauraya marar bilic, kafin damina ta kankama ya fara zama taki.

Ni dai attarugu ɗaya bai tashi ba, na tuge na shuka yakuwa a bokitin. Na'a-na'a ta tofo a kwana na tara, zogalen da na sare kuma yanzu haka tohonsa ya kusa isa kwaɗo, ƙuli-ƙulin da na taho da shi daga Maraɗi yana nan a roba na ɓoye wa yara.