Yadda Ake Lissafin Lokacin Rufe Rumfunan Zaɓe a Amurka

Duk mai son bibiyar zaɓen Amurka ya fara sanin cewa ba a rufe rumfuna lokaci guda, domin kowace jiha ce ke tsayar da lokacinta, kuma agogon Kalifoniya yana bayan na New York da awa 3. Kafafen labarai sukan kawo jadawalin da agogon gabashin ƙasar, saboda haka sai ka ƙara awa 6 ka samu lokacin Najeriya da Nijar, kamar yadda ya kasance a zaɓen 5 ga Nuwamba, 2024.

Sassan Indiana da Kentucky ne ke fara rufewa da ƙarfe 6 na yamma, wato 12 na dare a Kano. Jojiya kan biyo baya da ƙarfe 7, Pennsylvania da ƙarfe 8, ita kuwa Kalifoniya sai ƙarfe 11 na dare, duk da agogon gabashin Amurka, daidai lokacin da ladanai ke kiran asalatu a nan.

Ka yi hattara da jihohi masu agogo biyu irin su Florida, inda yammacinta kan rufe awa ɗaya bayan sauran yankunan. Haka kuma cikar lokaci ba ta hana wanda ke kan layi kaɗa ƙuri'arsa, shi ya sa sakamako kan yi jinkiri.